Gidan miliyoyi, zafi kamar tanda: wa ya ce haka ake gini a Abuja?

Baban_Khairat
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, kuma ina so masu ilimin gini su ba ni amsa tsakani da Allah. Watan jiya muka tare a wani sabon rukunin gidaje a bayan Lokogoma. Bene ne mai ɗaki huɗu, fari fat, gabansa gilashi tun daga ƙasa har sama, rufi baƙi mai tsini. Da safe dillali ya kai mu gani, uwargida na shiga ta ce ita dai ta samu gida. Abin da ba mu lissafa ba, gilashin nan yamma yake kallo. Daga azahar zuwa magariba falon sama ba ya zaunuwa. Shekaranjiya ƙarfe goma na dare na dafa bangon ɗakin yara, ɗumi kamar yanzu aka sauke tukunya. Ba baranda, rufi bai leƙo ya kare taga ba, tsakar gida an shafe ta da intalok, ko ciyawa babu balle bishiya. In an ɗauke wuta sai kowa ya sauko ƙasa mu baje a kan tayil.

Gidan mahaifina a Zariya na ƙasa ne, ya haura shekara 70, amma ko a watan Afrilu ka shiga soron da rana sai barci ya ɗauke ka. To wa ya ce mana haka ake gini a ƙasar rana? Sannan layinmu gida 12 ne, uku har sun zama makarantar yara da kantin magani da wurin gyaran gashi. Wannan ci gaba ne ko rashin tsari?

Ummu_Sadiq
Wa alaikumus salam. Baban Khairat ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mu shekararmu uku a Lugbe. Zafi na saba da shi, abin da ya fi ci min rai kicin ne. Falo kamar filin ƙwallo, kicin kuwa mutum biyu ba sa juyawa. Ranar sunan ƙanwar Sadiq a wurin ajiye mota muka kafa murhu, washegari sai ga takarda daga shugabannin estet wai hayaƙi yana ɓata fentin maƙwabta. Shanya ma cewa aka yi kar a hango ta daga titi. Wanda ya zana gidan nan bai taɓa ganin an tuƙa tuwon mutum hamsin ba.

Dan_Kubwa
Hhhh ku da kuka samu bene kuna kuka, mu masu ciki da falo a Kubwa mu ce me? Allah ya ba mu irin matsalarku.

Mai_Zanen_Gini
Malam Baban Khairat, sana'ata ke nan, bari in ɗan yi bayani. Ba siminti ne ya fara cutar ka ba, fuskar gidan ce. A ƙasarmu rana kusan ta tsakar ka take bi, don haka bangon kudu da na arewa da ɗan rufin da ya leƙo kaɗan ake kare su. Gabas da yamma ne fitina, domin da hantsi da la'asar rana ƙasa-ƙasa take, kai tsaye take faɗawa taga. Ɗalibi ɗan aji biyu ya san doguwar fuskar gida kudu da arewa ake ba ta, a rage tagogin yamma. Amma a estet ba rana ake dubawa ba, titi ake dubawa. Zane ɗaya ake yi a buga shi sau sittin, wannan layi ya kalli gabas, na gabansa ya kalli yamma, wanda ya faɗa ya faɗa.

Shi kuwa gilashi, haske yana ratsa shi ya ɗumama tayil da kujeru, zafin kuma ba ya iya komawa ta inda ya shigo. Kamar motar da aka kulle a rana ce. Shi ya sa labule daga ciki ba ya magani sosai, ɓarawo ya riga ya shiga gida. Daga waje ake tare rana.

Abin haushin, an san wannan tun kafin a haife mu. Duk wanda ya je Jami'ar Ibadan ya leƙa ɗakin karatun da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a shekarun 1950, bangonsa huda-huda kamar rariya, iska na ratsawa rana ba ta shiga. Ko nan Garki, tsofaffin gidajen ma'aikata masu tagogin luba da baranda, ba su da kyau a hoto amma in wuta ta tafi ana iya numfashi.

Alhaji_Mai_Kwangila
Hajiya mai zane, Allah ya ƙara basira, amma ku riƙa yi mana adalci. Ni na gina estet biyu ƙanana, na san inda takalmi yake matsa ni. Fili ka saya da tsada. Titin da zai kai ka wurin, kai za ka yi. Taransifoma kai za ka saya, rijiyar burtsatse kai za ka haƙa, kwalbati kai. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5, to ka lissafa nawa bankin kasuwa zai ɗora maka. A haka za ka ce in rage gida biyar don in juya fuskar sauran kudu?

Kuma ku faɗi gaskiya, wa yake saye? Na taɓa yin gida huɗu da baranda mai faɗi da rufi mai haske, sai da suka shekara ba a taya ba. Kowa ya zo sai ya ce kamar gidan ma'aikatan jirgin ƙasa. Na yi masu gilashi da fitilu a silin, tun ana fenti aka biya. Mai saye a waya yake ganin gida, ba ya jin zafi a waya. Shi kansa Baban Khairat ai ya ce uwargida na shiga ta ce ta samu gida.

Baban_Khairat
Alhaji ka kama ni, ba ni da ta cewa. Amma ni haya nake, ba saye na yi ba, kuma dillali ya san abin da ya sa ya kai mu ƙarfe tara na safe.

Jikan_Magina
Ina so in gyara wani abu kafin a mai da gidan ƙasa aljanna. Kakana magini ne a birnin Zazzau, na tashi ina cuɗa ƙasa da ƙafa. Soron mahaifinka yana da sanyi ne don kaurin bangonsa. Bangon tubali a gindi yakan kai kamu biyu ko fiye, zafin rana kafin ya gama ratsa shi dare ya yi, da dare kuma iska ta huce shi. Bulon inci tara mai rami a ciki ba zai yi maka haka ba. Sannan rufin azara da ƙasa a kai ba ɗaya yake da kwano ba.

Amma akwai wahala. Duk shekara kafin damina sai an bi rufi an toshe tsaga, an gyara indararo, an yi yaɓe. Da can akwai masu makuba, yanzu nemo su. Azara daga giginya take, giginyar ma ta yi ƙaranci. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun wajen shekarun 1830 yana nan, amma ai rufe shi aka yi da wani gini don a kare shi. Kuma ruwan Abuja ya fi na Zariya, tun Afrilu ake yi har Oktoba. Wanda zai kawo soron ƙasa Lokogoma yadda yake sai ya shirya.

Injiniya_Bala
Jikan Magina ya yi gaskiya, in ƙara da wannan. Bango mai kauri yana aiki ne inda dare yake sanyi kuma iska a bushe take, kamar Kano da Zariya da Yamai. A Legas ko Fatakwal, inda dare ma gumi ake, abin da kake so shi ne iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Abuja tana tsakiya, watan Maris kamar arewa, watan Agusta kamar kudu, don haka tana buƙatar duka biyun.

Batun rufi mai tsini kuma da ake cewa na ƙasar ƙanƙara ne, ba gaba ɗaya ba. Gangaren yana zubar da ruwan sama da sauri, kuma sararin da ke tsakaninsa da silin zai iya zama kariya in an bar masa ƙofofin shan iska. Laifin shi ne a sa baƙi, a toshe ko'ina, a yanke leɓen rufin a ɓoye shi bayan bango don gayu. Sai ya zama an kifa maka kasko a ka.

Hajiya_Gwarimpa
Ni tambaya ta biyu zan amsa, don a idona aka yi. Mun shigo Gwarimpa ba da daɗewa ba bayan an gina ta a zamanin Abacha. Lokacin in magariba ta yi tsit kake ji, yara na keke a kan babban titi. Yau je ka 1st Avenue ko 3rd Avenue ka ƙirga gidajen da har yanzu mutane ke kwana a ciki. Banki, otal, wurin cin abinci, filaza, asibiti, wurin shan shisha. Maƙwabcinmu ya rasu, magada suka kasa raba gida, aka sayar, wata shida sai ga bene hawa uku da shaguna. Janaretansu a jikin katangata yake, tagar ɗakina ba na buɗewa. Masu zuwa sayayya a ƙofar gidana suke ajiye mota, ranar da mai gidan ya yi rashin lafiya sai da muka bi shago-shago muna neman mai wata jar mota.

Amma in faɗi gaskiya, da can in gishiri ya ƙare sai an tada mota. Yanzu da ƙafa nake zuwa kantin magani. Ban san ko in yi kuka ko in yi godiya ba.

Malam_Tsare_Tsare
Hajiya, abin da kika gani yana da asali. An tsara Abuja ne bayan dokar 1976 ta zamanin Murtala, kamfanin IPA ya miƙa babban tsarin birnin a 1979, Kenzo Tange ɗan Japan ya zana tsakiyar gari, aka tare a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. A cikin tsarin, kowace unguwa an ware mata cibiyarta: shaguna, makaranta, ƙaramin asibiti, wurin wasan yara, yadda mutum zai je da ƙafa. Matsalar ita ce gidaje sun riga cibiyoyin zuwa, wasu filayen cibiyar ma an yanka su an raba. To mutane ba za su jira takarda ba kafin su sayi burodi. Inda ba a gina kasuwa ba, falon wani zai zama kasuwa.

Lokogoma da Gwarimpa duk a kashi na uku na tsarin suke. Daga wajen 2000 gwamnati ta riƙa ba kamfanoni manyan filaye su gina gidaje da yawa, da sharaɗin ita za ta kawo babban titi da ruwa da wuta. Kamfanoni suka yi sauri, gwamnati ta yi nawa. Shi ya sa za ka ga gidan miliyan ɗari a ƙarshen hanyar da ko jaki zai yi tunani kafin ya bi ta da damina. Titunan Wuse 2 irin su Aminu Kano da Adetokunbo Ademola ma ai gidajen zama ne asalinsu.

Dan_Kubwa
Malam ka manta da rusau. Lokacin El-Rufa'i yana minista, 2003 zuwa 2007, ai an gwada mayar da tsarin. Mu da muka gani mun san yadda katafila take.

Sani_Kantin_Kwari
Mu ma a Kano ai mun ga namu a watan Yunin 2023, shagunan filin idi da ginin Daula. Wasu na murna wasu na kuka har yau.

Admin_Usman
Jama'a don Allah kar mu shiga siyasa, kun san yadda take ƙarewa a gidan nan. Maganar gini ake.

Sani_Kantin_Kwari
Na bari, ranka ya daɗe. To bari in yi ta kasuwa, wadda na sani. Ni dariya nake in na ji ana cewa manyan kantunan zamani za su kashe kasuwa. An buɗe Ado Bayero Mall a 2014, aka ce Kwari da Singa da Sabon Gari sun shiga uku. A farkon 2024 Shoprite ta rufe reshenta na can, Kwari kuwa ko wurin taka ƙafa babu. Dalili? Mutumin da zai sayi atamfa yana so ya taya, ya ce Alhaji rage min, ya karɓi bashi zuwa ƙarshen wata. A wancan wuri farashi a manne yake, kuma kuɗin sanyin da kake sha yana cikin kuɗin kayan.

Maman_Ihsan
Malam Sani ba a rasa gaskiya a maganarka, amma ku maza ba ku san daɗin wurin ba. Jabi Lake Mall tun da aka buɗe a 2015 nake kai yara. Ba don sayayya ba, ni kayan miya a Gosa nake saye ko in aika Orange a Mararaba. Ina zuwa ne don nan ne kaɗai zan saki yaro ya yi gudu ban ji tsoron mota ba, ga banɗaki mai tsabta, ga sanyi. A estet ɗinmu filin da aka nuna mana a zane an rubuta wurin wasan yara, yanzu gida biyu ne a kai. Ranar Sallah ku je ku ga cika, rabin mutanen askirim ɗaya suka saya, hoto suka zo ɗauka. Da akwai dandali mai inuwa a unguwa wa zai biya kuɗin mota?

Birkila_Masaka
Salamu alaikum manya. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma hannuna ya ɗora bulo a Guzape da Katampe da Jahi shekara 14. Ƙarfe biyar na asuba nake fita daga Masaka, in na makara go-sulo na Mararaba da Nyanya ya cinye min rabin yini. Gidajen da muke ginawa wasu shekara biyar ba wanda ya kwana a ciki sai maigadi da kajinsa. Akwai wanda muka gama, ɗaki tara, kowane da banɗaki, mai shi sau biyu na gan shi.

Abin da zan faɗa wa Baban Khairat, ku da kuke haya ba ku ga komai ba. Mu muke ganin buhun siminti ɗaya ana so ya fitar da bulon da ya fi ƙarfinsa. In ka yi magana a ce gobe kar ka zo. Fenti da POP suna rufe abubuwa da yawa. In za ka kama gida ka je bayan an yi ruwa, ka duba gindin bango, ka ɗan ƙwanƙwasa filasta ka ji.

Ummu_Sadiq
Allah ya saka da alheri Malam birkila. Wannan shawara ta fi ta dillali goma.

Shekwo_Garki
Ina karantawa tun ɗazu. Ni Bagwari ne, Gbagyi in za a faɗa daidai, kakannina a nan aka binne su. Ana ta cewa wa ya ce haka ake gini a Abuja, ni kuma tambayata wa ya tambayi waɗanda aka tarar? Da aka zo an ce fili ne kusan babu kowa. Mutanen Wuse aka kwashe su zuwa Sabon Wuse a jihar Neja, wasu ƙauyukan aka kai su Kubwa. Ko sunan ma aro ne, tsohuwar Abuja ita ce ta koma Suleja.

Abin da ya shafi maganarku shi ne, tsofaffinmu sun san inda ruwa yake bi. Akwai wuraren da ba a taɓa kafa ɗaki ba, fadama ce, shinkafa da rake ake yi. Yau na wuce na ga estet da ƙofa mai ado a wurin. Kakata in tana raye da ta ce musu ruwa ba ya manta hanyarsa.

Injiniya_Bala
Ɗan'uwa Shekwo ka kawo mu kan babbar magana. Ambaliyar Lokogoma da wasu sassan Lugbe kusan kowace damina sai an ji, kuma har rayuka an rasa. Abu biyu ne suka haɗu. An matse rafuka da katanga, wasu an gina a bakinsu. Sannan intalok da kwano da kwalta sun rufe ƙasar da take shanye ruwa. Ruwan da a da zai nutse a gona, yanzu cikin minti kaɗan yake taruwa ya nufi kwalbatin da aka yi don ƙauye. Kowane mai estet yana tura ruwansa waje ta ƙarƙashin katanga, na ƙasa da shi ya ji da shi. Baban Khairat, intalok ɗin da yake ƙona maka ƙafa da rana shi ne yake cika gidan wani da daddare.

Zango_Nima
Gaisuwa daga Akra. Wallahi kamar labarinmu kuke bayarwa. East Legon da Spintex da hanyar Kasoa duk irin gidajen nan ne, fari da toka, gilashi, katanga da waya mai wuta. Accra Mall aka buɗe a 2008, daga nan wasu suka biyo. Mu a Nima gidan haya ne na tsakar gida ɗaya, ɗakuna a kewaye, matsi kam akwai, amma in ka yi tari maƙwabci ya ji. Yayana ya yi kuɗi ya koma estet, da matarsa ta haihu sai da ya ɗauko mota ya zo Nima ya kwashi mata don a samu masu zaman suna.

Ruwa kuma kar ku yi wasa da shi. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, mutum wajen 150 suka rasu. Har yau in hadari ya haɗu gaban mutane faɗuwa yake.

Issoufou_Yamai
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Na ga Jikan Magina ya ce ginin ƙasa wahala gare shi, gaskiya ne in irin na da ne. Amma ku zo ku ga abin da ake yi yanzu. Mariam Issoufou Kamara, 'yar ƙasarmu, ita da abokan aikinta sun gina wasu gidaje shida a nan Yamai da ake kira Niamey 2000, da bulon ƙasa wanda inji yake matsewa, benaye ne kuma kowane da tsakar gidansa. A Dandaji cikin jihar Tawa sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo kusa da shi, duk da ƙasa. A Burkina kuma Francis Kéré ya gina lakkal, wato makaranta, a ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwano sama da silin ƙasa yadda iska ke bi tsakani, kuma a 2022 ya samu kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a zanen gini. Turawa na ba mu kyauta don ƙasa, mu kuma muna jin kunyarta.

Alhaji_Mai_Kwangila
Malam Issoufou, gida shida ka ce. Ni ina maganar ɗari biyu. Nemo min masu matse bulon nan da za su ba ni dubu hamsin a wata, da birkilolin da suka iya, da bankin da zai karɓi gidan a jingina, da surukin da ba zai ce an kai 'yarsa gidan ƙasa ba. In ka samo, ni ne na farko.

Mai_Zanen_Gini
Alhaji na yarda da rabin maganarka. Amma ba sai an kai ga bulon ƙasa ba. Rufi mai haske maimakon baƙi, kuɗinsu kusan ɗaya. Leɓen rufi ya leƙo kamu biyu. Taga biyu a kowane ɗaki, a bango daban-daban. Katanga a bar mata huda daga sama maimakon a kai ta kamar gidan yari. Bishiya ɗaya a yamma. Wanne ne a ciki zai karya ka? Kuma lissafin mai saye ya fara canjawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma kai wutar Band A, wato ta unguwannin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mutanen da suke zuwa ofishina tambayar farko da suke yi ita ce na'urar sanyi nawa gidan zai ci. Da ba mai tambayar haka.

Malam_Liman_Apo
Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne zaure. Zaure ba ado ba ne. Nan baƙo yake tsayawa, nan ake karatu, nan mai gida yake sauraron maƙwabci ba tare da iyali sun takura ba. Yanzu ƙofa na buɗewa baƙo yana tsakiyar falo, yana kallon matakala da kicin. Na je gaisuwar rasuwa wani estet, maza a rana a kan titi muka zauna a ƙarƙashin rumfar haya, maigadi na ta zuwa wai mun tare hanya. Masallaci ma a garejin wani bawan Allah muke salla.

Ummu_Sadiq
Allah gafarta Malam, ragon layya fa? Bara a jikin tankin ruwa muka ɗaure namu, ya kwana yana kuka, da safe maƙwabciyata ta turo saƙo a rukunin estet da hoton kashinsa.

Dan_Kubwa
Anti Ummu Sadiq don Allah ki bar mu haka, cikina ya ƙulle.

Baban_Khairat
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai kai haka ba. Jiya na kira mai gidan na karanta masa maganar Hajiya mai zane. Batun rufi ya ce kar ma in fara. Amma ya yarda in cire intalok kaɗan ta yamma in dasa bishiya, da sharaɗin in na tashi ba zan ce a biya ni ba. Gilashin kuma wani kafinta ya ce zai yi min rumfar katako daga waje mai tsaga-tsaga, in shugabannin estet ba su ce ta ɓata musu tsari ba. Yanzu wace bishiya zan sa? Ina tunanin darbejiya ko mangwaro.

Jikan_Magina
Darbejiya tana saurin girma kuma ba ta son ruwa da yawa, amma saiwarta tana tafiya. Taku nawa ne daga bango zuwa katanga?

Baban_Khairat
Na auna yanzu, taku biyar da ɗan kai. Kuma ramin masai yana ta wannan gefen.

Injiniya_Bala
To ka manta da darbejiya da mangwaro a taku biyar kusa da rami, za ka saya wa mai gida rigima. Ka kafa ƙarafa ka ja waya har saman taga, ka sa abin da yake yaɗo ya hau. Kafin nan ka jera zogale a gindin katanga, wata shida ya wuce tsayinka.

Maman_Ihsan
Zogale kam ko bai yi inuwa ba an samu na kwaɗo. In ka tashi saye ka bi bakin titi wajen masu furanni da yamma, sun fi sauƙin kai in sun kusa tashi.

Birkila_Masaka
Oga in za a cire intalok ɗin kar a fasa, a jera su a gefe. Ranar da za ka tashi mai gida zai ce ka mayar.